Ƙidayar Itatuwa da Namun Daji a Hurumin Gari

Kowane makiyayi in ya koro shanunsa da maraice, ba ya zama ya huta sai ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata ba wadda ta kwana a daji. Mai kanti ma ba ya rufe ƙofa sai ya duba kayansa da cinikinsa. Amma akwai wata dukiya wadda kusan kowane ƙauye ya ke da ita, kowa yana ci daga cikinta, ba kuwa mai ƙirga ta. Wannan dukiya ita ce hurumin gari, da itatuwansa, da ciyawarsa, da namun da ke kwana a cikinsa.

Da yawa daga cikinmu in mun gama karatu a nan, makarantun ƙauye za a tura mu. Don haka na ga ya kamata mu koyi yadda malami da almajiransa za su taimaki mutanen gari su san abin da su ke da shi a huruminsu. Zan ɗauki ƙasar Gummi da Bukkuyum da Anka ta zama misali, amma hanyar ɗaya ce ko'ina.

Ƙasar da Huruminta

Waɗannan ƙasashe uku suna yammacin Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato a 1996. Gulbin Zamfara ya ratsa su ya nufi Jega, Gulbin Ka kuwa yana kudu da su. A bakin gulbi akwai fadama mai laka, inda a ke shinkafa da noman rani. In ka haura sai jigawa, wurin gero da dawa da wake. In ka ƙara haurawa sai tudu mai tsakuwa da marmara, wani wuri da duwatsu, wani wuri fako ne wanda ko ciyawa ba ta son fitowa. Wajen Anka da Bukkuyum a cikin irin waɗannan duwatsu a ke samun zinariya.

To, da ya ke fadama da jigawa noma ya cinye su, yawancin hurumi a kan tudu ya ke. Hurumi shi ne filin da mutanen gari suka yarda a bari ba a noma, domin kiwo, da itacen wuta, da shuci, da sassaƙen magani, da 'ya'yan itace. Dagaci da dattawa ke riƙe da shi a ƙarƙashin hakimi. Burtali ya kan haɗa shi da mashaya, don shanu su wuce ba su taɓa gonar kowa ba.

Kada mu haɗa shi da gandun daji. Gandun daji na hukuma ne, dokokin daji na 1916 da 1937 ne tushensa, malaman daji ke tsaronsa. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, alal misali, En'e ta keɓe shi a 1936, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1999. Yana iyaka da Dajin Kuyambana na ƙasar Maru, a dā kuwa har giwaye su kan yi yawo tsakaninsu. Amma tun wajen 2011 'yan bindiga suka fara mai da manyan dazuzzukan Zamfara maɓoya, har a watan Janairu na 2022 suka yi mummunar ɓarna a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dajin da mutum ba ya iya shiga da ransa a kwance, ba a iya ƙidayarsa. Hurumin da ke bayan gari kuwa, inda yara ke kiwon awaki kullum, shi ne abin da hannunmu ya kai, shi ne kuma ya fi saurin ƙarewa.

Don Me Za a Ƙirga?

Dalili na farko shi ne ido yana ruɗin mai shi. In aka sare ƙirya 3 bana, 3 baɗi, ba mai lura. Yaron da aka haifa yau zai tashi ya ga hurumin sabara da kalgo, ya zaci tun fil azal haka ya ke. Kakansa kuwa ya san lokacin da inuwar marke da maɗaci ta ke haɗuwa a wurin, amma in kakan ya rasu sanin ya bi shi kabari. Rubutu kaɗai ke riƙe wa jika abin da kaka ya gani.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Dabbobi da tsuntsaye su kan riga mutum jin ciwon ƙasa. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan wannan yanki, agwagi suka riƙa raguwa. Mutane sun lura, amma ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci, balle ya kai labari gaba. Ba a jima ba ƙananan yara suka fara suma suna mutuwa. Da likitoci suka bincika a ƙauyuka irin su Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, sai aka tarar gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da a ke kawowa gida a daka, a niƙa, a wanke, cike ya ke da dalma, ƙurarsa ta game tsakar gidaje da kududdufai. Yara fiye da 400 suka rasu. Agwagin nan na gida ne, kowa yana ganinsu safe da yamma, duk da haka raguwarsu ba ta zama gargaɗi ba, domin ba mai lissafinsu. To, ina ga abin da ke can bayan gari?

Dalili na uku shi ne zaman lafiya. Yawancin rigimar manomi da makiyayi daga iyaka ta ke tashi: wannan ya ce gonarsa ce tun ubansa, wancan ya ce burtali ne tun kakansa. In akwai taswira da aka yi a gaban kowa, da alamun iyaka a rubuce, mai shari'a ya sami abin dubawa.

Har wa yau tudu shi ne rufin fadama. In yana da ciyawa da saiwoyi, ruwan sama ya kan tsaya ya nutse. In ya zama tsirara, ruwan ya kan gangaro gaba ɗaya da yashi, ya haƙa kwazazzabai, ya binne gonakin ƙasa. Mutanen Gummi da suka ga ambaliyar watan Agusta na 2024 ba sai an ba su labarin ƙarfin ruwa ba.

Waɗanda Suka Riga Mu

Wannan aiki ba yau aka fara shi a ƙasar Hausa ba. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya yi shekaru yana tara ganye da furanni a Arewa, yana tambayar sunayensu, har ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa a 1916, da wani babba a kan amfaninsu a 1937. Wani ma'aikacin daji kuma, H. V. Lely, ya buga littafin itatuwan Arewa masu amfani a 1925, da zanen kowane. Masana na duniya suna ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, bisa tsarin da Linnaeus na ƙasar Suwidin ya kafa a 1753. Hano, itacen nan mai ƙamshi da ke son duwatsu, sunansa a wurinsu Boswellia dalzielii, watau an sa masa sunan likitan nan. Doka kuwa Isoberlinia doka a ke ce da ita, sunanmu na Hausa ya shiga littattafan duniya.

Abin lura a nan shi ne, daga ina waɗannan mutane suka sami sunayen? Daga bakin maharba, da masassaƙa, da masu magani, da makiyaya, da tsofaffin mata. Ilmin yana nan a ƙauye tun dā. Abin da ɗan makaranta zai ƙara kawai shi ne awo, da lissafi, da rubutu. Wanda ya shiga hurumi yana taƙama da takardarsa, ya raina tsohon da ba ya karatu, zai fito da littafi fanko.

Shiri Kafin a Fita

Da fari a je wurin dagaci a yi gaisuwa, a bayyana masa manufa, shi kuma ya sanar da hakimi. A nan akwai wuya guda. Mutanenmu in suka ji kalmar ƙidaya, haraji da jangali ke faɗo musu a rai, ko su zaci za a karɓe filin. Sai a gaya musu a fili cewa littafin na gari ne, a hannun gari zai zauna. A kuma tambayi dagaci iyakar inda a ke zuwa lafiya. In ya ce kada a wuce ƙorama kaza, to, kada a wuce, ko da itacen da a ke nema yana tsallake a na hangensa. Ba ƙidayar da ta kai ran yaro ɗaya.

Sa'an nan a nemi abokan tafiya: sarkin baka ko wani tsohon maharbi, da wakilin ardo, da sarkin noma, da wata dattijuwa daga cikin masu tsintar kaɗanya da ganyen miya. Kowanensu da abin da ya sani wanda saura ba su sani ba. Bafillace ya san ciyawar da saniya ke so da wadda ta ke ƙi. Mace ta san wace ɗorawa ce ta daina 'ya'ya.

Kayan aiki ba su da tsada: igiya mai tsawon mita 50 wadda aka ƙulla a kowace mita 10, da awon tela, da turaku, da littafi mai bango mai ƙarfi, da fensir, domin tawada ta kan narke in ruwa ya taɓa ta. A ƙara da tsofaffin jaridu da allon katako 2. In akwai wayar hannu mai ɗaukar hoto da nuna wurin da mutum ya ke tsaye, madalla. In babu, aiki ba zai tsaya ba.

Ran farko ba a ƙirga kome. A zagaya iyaka ne kawai tare da dattawa, a na rubuta alamun da ba sa gushewa, kamar dutse, da ƙorama, da tsohuwar kuka. A dawo a zana taswira, a raba hurumin bisa irin ƙasarsa: nan duwatsu, nan marmara, nan jigawa, nan bakin ƙorama. Kowane kashi da irin itatuwansa. Hano da kukkuki a duwatsu, geza da taramniya a marmara, kanya da ɗinya wajen ruwa.

Ƙidayar Itatuwa

Ba mai iya ƙirga dukan itatuwan hurumi. Sai a yi yadda mai sayen hatsi ya ke yi, ya sa hannu a buhu ya ɗebo kaɗan ya duba. Za a auna 'yan filaye, kowane mita 50 a tsawo, mita 20 a faɗi. Wannan murabba'in mita 1,000 ke nan, watau kashi ɗaya cikin goma na hekta. Hekta ɗaya kuwa ta kai wajen eka 2 da rabi.

Babban kuskure shi ne mutum ya zaɓi wurin da ya ba shi sha'awa. Ƙafa ta kan ja mai ita zuwa inuwa, sai lissafi ya nuna daji ya fi yadda ya ke kyau. Maganin wannan shi ne a ja miƙaƙƙen layi a taswira tun a gida, a ce kowane taki 200 za a kafa turke. Inda taki ya ƙare nan ne fili, ko fako ne, ko sarƙaƙiya. A sa dutse babba a kusurwa, a shafa masa fenti, domin baɗi nan za a komo.

A cikin kowane fili a rubuta abu huɗu. Na ɗaya, manyan itatuwa, kowane da sunansa da kaurinsa. A kan auna kauri da awon tela a kewaye da gindi, a tsayin mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, watau daidai ƙirjin babban mutum. Mai son sanin faɗin gindin sai ya raba abin da ya samu da 22 bisa 7, kamar yadda muka koya a lissafin da'ira. Na biyu, ƙananan da ba su kai ƙirji ba, da tohon da ke fitowa daga saiwa. Na uku, kututture, da irin itacen, da ko saran sabo ne ko tsoho. Na huɗu, raunin da ke jikin masu rai: wanda aka sassaƙe ɓawonsa don magani, wanda aka datse rassansa don shanu da bazara, wanda gobara ta ci gindinsa.

Mu ɗauki misali, na ƙirƙira ne don koyo. A ce hurumin hekta 60 ne, an auna filaye 10, watau hekta 1 ke nan. Aka sami kaɗanya manya 14, ƙanana babu, kututture 3. Aka sami ƙirya manya 2, ƙanana 1, kututture 9. Aka sami marke manya 6, ƙanana 40, kututture 5. In muka ninka da 60 za mu ce akwai kaɗanya wajen 840 a hurumin. Kimantawa ce, ba rantsuwa ba, yawan filaye kuwa shi ke ƙara mata gaskiya.

Yanzu mu karanta abin da lissafin ya ce. Wanda ya hangi kaɗanya 840 zai ce lafiya lau. Amma garin da ke da tsofaffi 840 ba yaro ko ɗaya, kufai ne mai jiran lokacinsa. Kaɗanya ta kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, saboda haka ko yau aka fara renon ƙanana za a daɗe ba a ci moriyarsu ba. Ƙirya kuwa kututturenta sun ninka masu rai sau uku, domin itacenta ne maƙera da masu gawayi da masu sassaƙa turmi suka fi so. Marke a na saransa, amma yana da magada, in an tsare su daga awaki da wuta zai farfaɗo. Ka ga layin ƙanana da layin kututture sun fi layin manya faɗar gaskiya.

Ciyawa a ƙarshen damina a ke duba ta, wajen Satumba ko Oktoba, lokacin da ta fid da kai a ke iya gane ta. A ajiye sanduna 4 masu tsawon mita 1 a ƙasa su yi murabba'i, a rubuta irin da ke ciki da wanda ya fi yawa. Gamba, wadda a ke zana da ita, tana rayuwa shekara da shekaru daga tushe ɗaya, amma kiwo mai tsanani ya kan kashe ta. In ka ga ta janye, ƙarangiya da tafasa da tumfafiya sun maye gurbinta, ƙasa ta gaji ke nan.

In an tarar da tsiron da aka yi gardamar sunansa, kada a yi ka-ce-na-ce. Suna ya kan sauya daga gari zuwa gari. Itacen nan baƙo da ya zo daga Indiya, wasu su ce dogon yaro, wasu dalbejiya, wasu bedi, wasu maina. Sai a yanko ɗan reshe da ganyensa da furensa ko 'ya'yansa, a shimfiɗa tsakanin jaridu, a danne da allo da dutse, a riƙa sauya jaridun kullum har ya bushe. A rubuta wuri, da rana, da kowane sunan da aka ji, har na Fillanci. Irin wannan a ke kai wa malaman ilmin tsirrai a jami'o'in Sakkwato da Zariya su gwada da nasu.

Ƙidayar Namun Daji da Tsuntsaye

Itace yana tsayawa a auna shi, gada kuwa ba ta jira. Saboda haka dabara dabam ce. A zaɓi layi mai tsawon kilomita 1 ko 2, a bi shi da sassafe, da zarar gari ya waye. Mutum 3 sun isa: maharbi a gaba, mai rubutu a tsakiya, mai duban baya. Ba hira, ba kare, ba danƙon harbi. A tafi a hankali, a rubuta abin da aka gani, da yawansa, da nisansa daga layi.

Yawancin abin da ya rage a huruminmu da dare ya ke fita, sai dai a karanta wasiƙar da ya bari. Ga sawun dila da na yanyawa, ga kashin zomo, ga ƙayar beguwa da ta zube, ga ramin da dabgi ya haƙa a gindin suri, ga tabon fitsarin rema a kan dutse. Nan ne tsohon maharbi zai zama malami, malami ya zama almajiri. Wata dabara kuma ita ce a share yashin bakin mashaya da maraice, a komo da asuba kafin shanu su sauko, a ga waɗanda suka sha ruwa da dare. Masu bincike na zamani su kan ɗaure kyamara a jikin itace ta riƙa ɗaukar duk abin da ya gilma, amma yashin nan shi ne kyamarar talaka. A sa takalmi mai rufi, a kuma kula da inda a ke sa hannu, domin kububuwa wurin tsakuwa ta ke so.

Tsuntsaye kuwa tsayawa a ke yi. A tsaya wuri ɗaya minti 10, a rubuta duk wanda aka gani ko aka ji kukansa, sa'an nan a matsa mita 200 a sāke. Fakara, da zabon daji, da kazar dutse, da cilakowa, da hasbiya, duk da kuka a kan fi gane su. A tuna kuma wasu baƙi ne. Shamuwa ta kan zo gab da damina ta yi sheƙa a cikin gari, in kaka ta yi ta nufi kudancin Afirka. Da hunturu wasu ke zuwa daga Turai. Don haka a yi ƙidaya sau 2 a shekara, ƙarshen damina da tsakiyar rani, a kuma riƙe wata ɗaya, da layi ɗaya, da lokaci ɗaya kowace shekara. In bana ka fita da asuba baɗi ka fita da hantsi, ba daji ka auna ba, barcinka ka auna.

Kada a ji kunyar rubuta sifiri. "An duba, ba a gani ba" labari ne mai daraja. Ungulu, wadda a dā ba mahautar da ba ta cika, ta ragu ƙwarai har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen duniya da ke bakin ƙarewa. Guba, da farautarta don sayar wa masu tsibbu, su ne manyan dalilai. Wa zai iya faɗin shekarar da ta bar kasuwar garinsu? Haka burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi sanɗa, haka gauraka. Cikin itatuwa kuma madobiya ta sha sara don kai katakonta ƙasar Sin, har a 2016 ƙasashen duniya suka sa wa cinikinta takunkumi.

Aiki na ƙarshe a zaure a ke yinsa. A zauna da dattawa a raba takarda gida 3: abin da ke nan har yanzu, abin da ya yi wuyar gani, abin da ya ɓace. Gwanki, da kanki, da barewa, da mugun dawa, da kura, da jan biri, kowane a sa shi gidansa. Tsoho ba zai ce shekara kaza ba, amma zai ce kafin babban fari, ko bayan ciwon bushiya na shanu. Malami ya san farin nan na wajen 1973 ne ko na 1984, ciwon shanun kuwa na 1983, sai ya sa shekara.

Abin da Ƙidaya ta Haifar a Wasu Wurare

A ƙasar Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa suna zaune cikin gonakin mutane, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 aka ƙirga su aka sami 49 kacal. Wannan lamba ita ta ta da hankalin hukuma da mutanen ƙauyukan, aka tsananta tsaro, aka riƙa ƙirga su a kai a kai, a na gane kowane da zanen jikinsa. Kafin 2018 sun haura 600, har a shekarar aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi.

A Maraɗi ɗin ma, tun 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturen da ke gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. Manoma suka riƙa barin toho mafi ƙarfi suna rage saura, abin da su ke kira sassaben zamani. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka naɗa 'yan kwamitin tsaron itatuwa daga cikinsu. Da aka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi bayan shekara 20 da 'yan kai, aka kimanta hekta wajen miliyan 5 sun sāke yin itatuwa. Hausawa ne irinmu, ruwan samansu ma bai kai na Gummi ba. Wannan ya nuna kututturen da muka rubuta a littafinmu ba duka ne gawa ba.

A gida kuma, kusa da Jos, akwai ɗan dajin Amurum a kan duwatsu, wajen hekta 300, a ƙasar mutanen Laminga. Da yardarsu aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye a wurin a 2001, ita ce kuma a 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa kai ke aika sunayen tsuntsayen da suka gani a yankinsu ta wayar hannu. Malamin ƙauye da ya iya aikin nan yana iya sa garinsu a wannan taswira.

Bayan an Gama

Littafin da aka kulle a akwatin makaranta gara ce za ta karanta shi. Sai a roƙi dagaci ya tara jama'a, a karanta musu sakamako da bakin da kowa zai gane: kaɗanyarmu ba ta da 'ya'ya masu tasowa, ƙiryarmu saura kaɗan, gamba ta koma bakin ƙorama. A yi kwafi 3, ɗaya wurin dagaci, ɗaya a makaranta, ɗaya ofishin daji na ƙaramar hukuma.

Shawara kuwa ta gari ce, ba ta malami ba. Suna iya hutar da wani sashe shekara 2 ko 3, su hana saran wani iri, su share hanyar tare gobara da kaka, su sa a riƙa renon toho. Abu ɗaya malami zai tsaya a kai: kada a yanke shawara ba tare da Fulani da mata ba. Dokar da aka yi a bayan idon makiyayi, da dare za a karya ta. Wadda kuwa ta hana mace itacen girki ba ta nuna mata wani wuri ba, ba za ta yi kwana 7 ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, 'yan'uwa, ga aikin hutu ga mai so. Kowa in ya je gida ya nemi tsoho ɗaya ya zauna da shi, ya cika takardar nan mai gida 3. Ya auna fili ɗaya mai mita 50 da mita 20 a inda dagaci ya yarda, ya rubuta manya, da ƙanana, da kututture. Ya kawo ganye 5 busassu da sunayensu. In mun komo sai mu haɗa na Gummi da na sauran garuruwa mu gwada, baɗi kuma mu sāke komawa wuraren nan. Ƙidayar shekara ɗaya suna kawai ta ke bayarwa. Ta biyu da ta uku su ke nuna inda aka dosa. Allah ya sa mu dace.